Fijon marigayi da ɗakin da ba a buɗewa

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu. Allah Ya saka miki da alheri kan wannan fili da kike share wa mata hawaye. Don Allah a sakaya sunana da na unguwarmu, domin ƙannen maigidana ba sa wuce shafin nan.

Ni matar aure ce a Kano, ina ɗinki a gida. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne. Allah Ya ba mu 'ya'ya huɗu, babban namiji ne mai shekara 13, sauran ukun mata. Tun kafin in yi nisa bari in wanke shi: mutum ne mai haƙuri, ba zagi ba duka, kuma duk tsananin da ake ciki bai taɓa fita ya bar mu babu na cefane ba. Ba ƙararsa na kawo ba. Abin da ya dame ni mota ce da ba ta tafiya, da wani ɗaki da ba a buɗewa, kuma su biyun sun kusa hana mu hira mai daɗi a gidan nan.

A gidan mahaifinsa muke zaune. Da Allah Ya yi wa Alhaji rasuwa shekarun baya, Hajiya ta ci gaba da zama a sashenta, mu kuma muna namu, ɗaki biyu da falo. Turakar Alhaji tana daf da soro. Tun da aka watse daga zaman makoki aka tattara duk kayansa aka zuba a ciki, aka sa kwaɗo, makulli yana aljihun maigidana. Motarsa kuma tana harabar gida, daidai inda ya kamata a ce yara suna wasa ni kuma ina shanya.

Fijo ce 504, fara, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna. Alhaji ya saye ta sabuwa fil zamanin mulkin Shagari, lokacin maigidana yana yaro ƙarami. Labarinta na ji shi har na haddace: yadda maƙwabta suka cika ƙofar gida ranar da aka kawo ta ana Allah sanya alheri, yadda take kai su kallon hawan Sallah, yadda ta kai shi makarantar kwana da akwatin ƙarfe a but. In yana ba da labarin nan fuskarsa sai ta koma ta yaro. Ni ma maraya ce ta wajen uba, na san abin da yake ji, shi ya sa bakina ya yi nauyi.

Amma Anti, Alhaji da kansa ya jingine motar kafin ya rasu. Maigidana ne ya ce sai ya tashe ta. Da farko lagireto ne ke yoyo, ba a fita sai da jarkar ruwa a baya, a yi 'yar tafiya a tsaya a buɗe bonet tana tafasa. Aka gyara wannan, gaskit ya ƙone. Aka sa wani, kafireto ya fara shaƙewa, hayaƙi baƙi kamar ana toya gawayi. Batir kuwa ba ya kwana da wuta, har yaran layinmu suka saba, da sun ga ya fito da makulli sai su taso da gudu suna cewa, "Baba, a tura?" Makanikai matasa sun fi sanin motocin Japan, wasu ma da sun leƙa cikinta sai su yi dariya. Akwai dai wani dattijon bakanike da ya san Fijo ciki da bai, shi ne ke fama da ita, shi ke aika shi Ƙofar Ruwa neman kayan gyara. Wani lokacin a samu, wani lokacin a ce sai an cigita a Panteka ta Kaduna, abin da aka samo ɗin ma yawanci daga jikin wata matacciyar aka cire shi.

Ƙarshenta dai injin ya buga. Muna dawowa daga biki a Zariya, kusa da Kwanar Ɗangora, sai muka ji wani ƙara a gaba, ta yi shiru. Magariba ta same mu a bakin titi da yara, ƙaramar tana goye, sai da wani mai motar kaya ya tausaya mana ya ja mu da igiya. Tun daga ranar take kan bulo, an cire tayoyi an jingine a bango.

Yanzu ki zo ki ga yadda ta koma. Ɓeraye sun cinye wayoyin ciki, kyanwar maƙwabta ta haihu a kujerar baya, tsatsa ta huda ƙasan ƙofar direba har kina hango ƙasa. Da damina ruwa ya taru a cikin tayoyin nan, in na kifar da su in ga tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil, mu kuma muna ta sayen maganin zazzaɓi. Wani dare da 'yar tawa ta biyu jikinta ya yi zafi har tana fizge-fizge, ga mota a tsakar gida, amma ƙofar maƙwabci muka buga ya kai mu asibiti. Da safe yara adaidaita sahu ke kai su makaranta, shi kuma ya hau babur ɗinsa ya tafi ofis.

Na ce masa ko da ta tashi, da me za mu ciyar da ita? Kafin a cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 lita ba ta kai Naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Masu ƙananan motoci ma da yawa sun ajiye sun koma babur, balle tsohuwar Fijo mai shan mai. Sai ya ce ai yanzu ana mayar da motoci su yi amfani da iskar gas, in aka sa mata inji sai a kai ta a juya ta. Shi dattijon bakaniken ma, ranar da ya zo dubawa, na ji shi daga kicin yana ce wa maigidana, "Alhaji, ni dai in ka ce a yi sai a yi, amma bodin nan ya gaji." Maigidana bai tanka ba, sai ya sauya magana.

Ɗakin kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. An buɗe shi kwanakin baya ana neman wata takardar fili, na samu na leƙa. Jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian ɗauri-ɗauri har sun kusa taɓa rufi, talabijin baƙi da fari, rediyo mai kaset, keke Rali babu sarƙa, fankoki matattu, fayil-fayil na ofis, akwatunan manyan riguna da huluna. Na ɗaga wata farar shadda mai aikin hannu, irin wadda yau ko da kuɗinka da wuya ka samu, sai ta rabe a hannuna, asu ya gama da ita. Gara ta yi hanya a bango ta hau kantar littattafai. A kantar nan akwai littattafan addini na Alhaji, har da Alƙur'ani, gefen wasu ya fara zama gari. Wallahi wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Rigunan nan da an bayar tun farko, da yanzu wasu bayin Allah suna zuwa Juma'a da su, ladan yana isa ga mai su.

Ga ɗana babu wurin kwana. Tun da ya kai shekara goma na raba shi da ƙannensa kamar yadda hadisi ya yi umarni a raba wa yara makwanci, to amma ina zan kai shi? A falo yake shimfiɗa katifa, da asuba ya naɗe ya tura bayan kujera. In baƙi suka yi dare sai ya zauna a bakin ƙofa yana gyangyaɗi da littafi a cinya, ga shi bana zai yi jarrabawar aji uku ta ƙaramar sakandare. Kayan sawarsa a buhun bakko suke. Yaron ba ya ƙorafi, amma ya fara daɗewa a waje bayan Isha'i, yana cewa yana ɗakin abokinsa, kuma kin san yadda gari yake yanzu.

Na ga cewa wanda zai ce a rage kaya gara ya fara da nasa. Na sauke kwalla da samiru da tasoshin da aka yi mini jere da su, waɗanda tun ranar da aka jera su ba abin da suke yi sai shan ƙura da wanki duk Sallah. Na ba 'yar ƙanwar babana da za a aurar wasu, na sayar wa dillaliya wasu, zannuwan lefe da ban taɓa ɗaurawa ba na raba. Ɗakina ya sha iska, har na sami inda na kafa keken ɗinki. Amma da Umma ta zo ta ga kabat wayam, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ita ta san adashin da ta zuba kafin ta tara mini kayan nan, kuma kayan ɗaki su ne sutura da jarin mace ranar da ta shiga wani hali. Har yau in mun yi waya sai ta sako zancen. Shi kuma maigida da na nuna masa, cewa ya yi, "Naki ne, kin yi yadda kike so. Waɗancan ba nawa ba ne."

To a nan gizo ke saƙar, Anti, domin gaskiya ya faɗa, ba nasa ba ne. Har yau ba a raba gadon Alhaji ba. Magada su ne Hajiya, da Yaya, wan maigidana, da ke aiki a Abuja, da maigidana, da ƙannensu mata uku. Ɗan karatun da na yi a Islamiyya ya nuna mini Hajiya tana da tumuni, saura kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Ke nan kowa yana da haƙƙi a motar nan da ke ruɓewa, da ɗakin, da gidan kansa. Yaya in an taɓo maganar sai ya ce a bari sai ya zo hutu, in ya zo kuma sai a yi ta gaishe-gaishe har ya koma. Ɗaya daga cikin ƙannen nan mata, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ƙosai take soyawa a bakin layi. Ita ce ta ja ni gefe ranar wani suna ta ce, "Yaya, ke ce kike kusa da shi, ki sa baki a sayar da motar nan ko jari na samu." Na ji tausayinta, amma na san gobe in magana ta tashi, ba ita za a ambata ba. Cewa za a yi matar ɗa ta shigo gida ta sa an sayar da kayan uban miji.

Hajiya kuwa na kasa gane inda ta dosa. Ba ta taɓa cewa a sayar ba, ba ta taɓa cewa a bari ba. A kan bonet ɗin take shanya kuɓewa da barkono, in rana ta faɗi ta tattare, ta sa gefen mayafinta ta goge wurin. Ban sani ba ko ta mayar da ita wurin shanya ne kawai, ko kuwa ganinta a nan yana ɗebe mata kewa. Ni kuma tsakanina da ita akwai kunya, ba zan iya tambayarta kai tsaye ba.

Masu saye sun zo. Wani ɗan gwangwan ya leƙo ta soro ya ce zai saya a kan kilo, su yanka ta a nan su kwashe. Ranar maigidana ko tuwon dare bai ci ba, sai da na yi da na sanin barin mutumin ya shigo. Daga baya wani direba mai jigilar ƙauye ya taya, ya ce yana da inji, bodi yake nema. Na ɗauka wannan zai fi masa sauƙi tunda motar za ta ci gaba da tafiya a hannun wani, amma ya ce masa ba ta sayarwa ba ce.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne, ƙarshen watan nan ni ce da ɗaukar adashi. Na riga na ƙudurta in sayi keken ɗinki mai aikin sama, ragowar in sa a yi wa turakar nan feshin gara da fenti in an yarda yaron ya koma ciki. Shekaranjiya da daddare sai ya ce mini an samo wani injin Fijo a Kaduna, in ba shi aron kuɗin, zai biya ni kaɗan-kaɗan daga albashi. Na san zai biya, bai taɓa cin kuɗina ba. Amma abin da aka riga aka kashe wa motar nan ya fi ƙarfin albashinsa na watanni, kuma in na ba shi na san inda kuɗin za su kwanta. Na ce masa zan yi tunani, shi kuma tun ranar bai sake tayar da zancen ba, sai dai ina lura da yadda yake satar kallona in na zauna a kan keke.

Anti, in hana shi, ko in ba shi don a zauna lafiya? In hanawar ce, da wane irin lafazi zan faɗa wanda ba zai ji kamar mahaifinsa na raina ba? Sannan maganar gadon nan, hurumina ce ko in ja bakina? Na yi tunanin in sami limamin masallacinmu, wanda abokin Alhaji ne kuma maigidana yana jin nauyinsa, amma ina tsoron ya ce na kai sirrin gidansu waje. Na kuma yi tunanin in bar zancen mota gaba ɗaya, in roƙi ɗakin kawai, a kai littattafan masallaci ko Islamiyya, a zaɓi abin da kowa yake so ya ajiye na tunawa da Alhaji, saura a yi masa sadaka da su. Ko kina ganin in ya ba da ɗakin, motar za ta biyo baya da kanta?

Ina kuma roƙon malamai masu bibiyar wannan fili su yi mana bayani kan hukuncin barin dukiyar gado tana lalacewa alhali cikin magada akwai mabuƙaci, domin in ya karanta daga bakinsu zai fi karɓa fiye da daga nawa. Don Allah a taimaka a amsa mini kafin wata ya ƙare.

Wassalam.

Taki,
Wata uwa daga Kano