Wasiƙa daga Indiya kan ciwon da ke tsugunar da yalo

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aikin fadama? Ni ma lafiya ƙalau, sai kewar gida.

Ka tambaye ni me nake yi da yalo har ya hana ni rubuto maka. Yalon mutanen nan, baƙin nan mai sheƙi da suke kira baingan, cefanen kowane gida ne, kuma akwai ciwon da ya daɗe yana karya manomansa, don tun 1939 aka fara rubuta labarinsa a ƙasar nan. Ganye sai ya ƙanƙance, ya yi laushi, ya koɗe. Rassa su fito cunkus a gaɓa ɗaya, shukar ta tsugune kamar tsintsiya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne furen. Na riƙe shi a tafin hannuna, maimakon shuɗin nan nasa mai kyau, ya koma kore shar, ya rikiɗe ya zama ganye. Shukar da ta kamu tun tana ƙarama, ko ɗa ɗaya ba za ka tsinka ba.

An daɗe ana ɗora wa bairos laifin irin waɗannan cututtuka, sai a 1967 masu bincike a Japan suka gano wata ƙwayar bakteriya marar ɓawo, wadda yau ake kira faitofilazma. Tana zama ne a jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa sauran jikin shuka, kuma wasu ƙananan ƙwari masu tsalle, masu tsotsar ruwan ganye, su ke yawo da ita. Ba ta yarda a raine ta a ɗakin gwaji yadda ake yi wa sauran bakteriya, shi ya sa sai ta ƙwayoyin gadonta muke gane ta, da gwajin PCR, wanda ke ninka ƙwayoyin gadon har a iya gane su.

To a nan gizo ke saƙar. Ido yana ganin ciwo ɗaya, gwaji kuwa yana nuna dangi daban-daban na wannan ƙwaya, waɗanda masana suka kasa rukuni-rukuni da lamba. A Indiya mafi yawa 'yan rukuni na 6 ne, kuma ƙwaron da ke ɗauke da su shi ne Hishimonus phycitis, amma an samu na rukuni na 1 da na 2. A Masar da Oman na 2 aka samu a yalo. A Birazil na 3 ne, inda koren hular da ke gindin fure take girma fiye da kima. A Iran har da na 9. Kowane dangi da ƙwarinsa da ciyayin da yake fakewa a ciki idan babu yalo a gona. A nan Indiya an kama ciwon a jikin dangin zaƙami da ke bakin gonaki. Saboda haka irin yalon da ya jure a wani yanki ba lallai ya jure a wani ba, kuma shawarar da aka kwaso daga wata ƙasa ba tare da gwaji ba tana iya jefa talaka cikin asara.

Wallahi raina yana ɓaci idan na ga manomi ya ci bashi ya sayi maganin funfuna yana ta feshi, alhali ba ya taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan. Abin da ke aiki shi ne a tuge wadda ta kamu da wuri a ƙone, a share ciyayin gefe, a rufe gadon reno da raga kafin dashe, a rage ƙwarin.

Mu ma dangin wannan ƙwaya ba baƙi ba ne gare mu, su ne ke kashe kwakwa a yankin Awka da gaɓar tekun Gana. Don Allah idan ka zaga gonakin gauta da yalo, ka duba min. In ka ga mai ƙananan ganye ko koren fure, ka ɗauki hoto kusa-kusa ka turo min ta WhatsApp, tare da ciyayin da ke kewaye da ita.

Ka gaishe min da Inna da uwargida da yara. Allah ya ba da damina mai albarka.

Naka amini har kullum.