Rahoton Ayyukan Shekara: Horo Kan Sanya Inuwa a Zanen Fensir

'Yan uwa mambobi masu daraja,

Kwamitin gudanarwa ya karkata yawancin ayyukan bana ga koyon sanya inuwa, domin da muka duba zane-zanen bara mun lura cewa da yawa daga cikinmu sun iya fitar da siffa daidai, amma aikin yakan tsaya a toka-toka, babu duhu na sosai, babu kuma inda aka bar farin takarda ya yi aikinsa.

An fara horon da fensirin kansa. An bayyana cewa bakinsa haɗi ne na girafait (wani baƙin ma'adini mai laushi) da yumɓu, dabarar da Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a Faransa a 1795, kuma yawan yumɓu ne ke sa jerin fensiran da ke ɗauke da alamar H tauri da haske, yayin da jerin B ya fi laushi da baƙi. Kowane mamba ya zana matakai daga farin takarda har zuwa iyakar duhun da fensirin 6B ko 8B, masu laushi sosai a jerin B, ke bayarwa.

Inda muka fi daɗewa shi ne zana ƙwallo a ƙarƙashin fitila guda. A nan ne aka bambance gefen da haske ya buga, da tsakiyar inuwa, da hasken da ke dawowa daga tebur, da kuma inuwar da ƙwallon ya jefa, wadda ta fi duhu a daidai inda ya taɓa tebur. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara wa hasken da ya dawo ƙarfi har ya yi gogayya da gefen haske, abin da ke sa ƙwallon ya baje. Lumshe ido yayin duba aiki ya taimaka ƙwarai wajen gano hakan.

Har yanzu akwai masu danna fensir da ƙarfi don neman duhu, alhali hakan yana murje fuskar takarda ya bar sheƙi. Kwamiti na ganin sanya inuwa a hankali, shafi bisa shafi, ya fi, kuma a riƙa murzawa da naɗaɗɗiyar takarda maimakon yatsa, saboda maiƙon hannu yana barin tabo.

Baje kolin ƙarshen shekara ya nuna ci gaba a fili, musamman a zanen fuska. Baɗi, in Allah ya kai mu, za a gwada waɗannan matakai a kan takarda mai santsi da mai kaushi, don haka ana roƙon kowa ya adana ayyukansa na bana domin kwatantawa.