Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya kan robar masu wankin ƙoda a gida

Ranka ya daɗe Farfesa Muhammad Ali Pate, assalamu alaikum.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi murna a 2025 da gwamnati ta sauko da kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya, ciki har da na Azare da na koyarwa na Maiduguri. Sai dai mutumin Gashuwa ko Jakusko, inda ciwon ƙoda ya yi katutu, ba zai iya hawa mota sau uku a mako zuwa wajen inji ba. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya kai shi ƙasa.

Shi ya sa nake roƙo a waiwayi wankin da ake yi a gida. Likita ya dasa siririyar roba a cikin majiyyaci, shi kuma ya riƙa ɗura ruwan magani wajen lita 2, ya bar shi sa'o'i, tantanin cikinsa ya tace dattin jini, sannan ya zuƙe ya sake sabo. Sau huɗu a yini, babu inji, babu jiran wuta. Sudan ta kafa shirin ƙasa a kan wannan tun 2005.

Amma ranka ya daɗe, robar nan ƙofa ce a buɗe. Kowane sauyin jakar ruwan maganin dama ce ga ƙwayoyin cuta, yawancinsu na fatar mutum da hancinsa, su bi ta su shige. Da ruwan ya fito gurɓace kamar na wankin shinkafa, ga ciwon ciki, to an kamu. In aka yi jinkiri sai a cire robar, wani sa'in tantanin ya lalace har abada. Ƙa'idar da ƙungiyar ISPD, ta masana irin wannan wankin ƙoda na duniya, ta fitar a 2022 ta ce kada kamuwar ta wuce kamar sau ɗaya cikin wata 30 ga majiyyaci.

Takardar kamfanin da ke yin jakunkunan tana cewa lokacin sauya jaka a rufe taga, a kashe fanka, a sa takunkumi, a wanke hannu a busar da shi sosai. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin ɗakin da ƙurar hunturu ke shiga ta ƙasan ƙofa ba, ga kyanwa a kan gado, ga ruwan rijiya a buta, ga 'yan dubiya cike da tabarma kuma kunya ta hana a ce su fita. Wannan ba laifin majiyyaci ba ne. Sai ma'aikaciyar jinya ta taka ta ga ɗakin da idonta, ta koya wa matar gida ko babban ɗa, ta sake dawowa bayan watanni, domin hannu kan saba ya fara yanke hanya.

Don haka idan za a sayo jakunkunan ruwa, a sa kuɗin horon ma'aikata da na ziyarar gida a kasafi ɗaya da su. A haɗa wa kowa man shafawa na mupirocin ko gentamicin da zai riƙa sa wa bakin robar kullum, da sabulu, da man tsabtace hannu. A ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a dasa robar. A kula har da maƙarƙashiya, da muke rainawa, domin tana iya tura ƙwayoyin hanji cikin ruwan.

Sannan a ba majiyyatan lambar wayar da za a ɗauka ko da ƙarfe biyun dare, da ɗakin gwaji kusa da zai karɓi jakar da ta gurɓace a ranar, kada mutum ya tafi kemis ya sayi kafso ya jira Litinin.

Allah ya yi maka jagora.

Wata ma'aikaciyar jinya