Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Sunan Littafinta da Gyaransa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, saƙonki ya iso tare da kwafin littafin, kuma sai da na karanta shi daga farko har ƙarshe kafin na ɗauki alƙalami. Kin ce kin yi ta sauya masa suna har kin rasa wanda za ki tsaya a kai, kuma duk lokacin da kika zauna gyara sai zuciyarki ta riƙa raya miki cewa ba ki iya rubutu ba, gara ki jefa shi ƙasan akwati. Wannan magana ta ƙarshe ce ta hana ni yin shiru.

Ina so ki rarrabe shakka iri biyu, domin na ga kin haɗa su wuri guda. Akwai wadda take nuna miki shafi, ta ce a nan zance ya yi tsawo, a can kuma wane ya faɗi abin da bai dace da halinsa ba. Wannan ki saurare ta, domin da ita ake gyara. Akwai kuma wadda ba ta taɓa komai a cikin littafin, ke kanki take tuhuma, tana tambayar wace ce ke da har za ki wallafa littafi. Wannan waswasi ne, kuma idan ya taso ki yi a'uziyya ki ci gaba da aikinki.

Babin da 'yan'uwa maza suke zaune a zaure suna rabon gonar mahaifinsu, ƙanwarsu kuwa tana bayan danga tana tankaɗe, tana jin ana ambaton sunanta amma ba wanda ya kira ta, shi ne zuciyar littafin nan. A rubutunki na farko, wanda kika nuna mini bara, kin bar ta da rariya a hannu ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan ya isa. A wannan sabon kwafi kin ƙara mata shafi guda tana bayyana baƙin cikinta, sai ƙarfin wurin ya ragu. Tsoro ne ya rubuta wannan shafi, tsoron kada mai karatu ya kasa fahimta, alhali mai karatu Bahaushe ya san wannan zaure sarai. Ki cire shi. Tela idan ya yi ta rage riga don neman ta ƙara kyau, ƙarshenta ba ta shiga jikin mai ita. Inda littafin yake bukatar hannu da gaske shi ne babi biyu na farko, waɗanda suke tafiyar hawainiya, da kuma goggon nan da take magana kamar malamar jami'a, ba kamar tsohuwar da ta tashi a ƙauye ba.

Game da suna, na duba jerin da kika aiko, na ga dukkansu sunayen soyayya ne, wataƙila don kina tunanin su ne suke tafiya a kasuwa. Amma labarinki na gado ne da haƙƙin mace a gidan ubanta, shi ya sa duk sunan da kika ɗora masa yake zamewa. Marubutanmu sun daɗe suna ɗauko suna daga karin magana: Jiki Magayi haka ya samo nasa, haka ma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, kuma mai karatu tun daga bango yake gane irin hukuncin da labarin zai yanke. Ba na cewa lallai sai kin bi wannan hanya, amma ki koma cikin maganganun mutanen littafinki, musamman a babin zaure, domin ina kyautata zaton sunan yana bakin ɗaya daga cikinsu.

Kada kuma ki ɗauka neman gyara a wurin wani gazawa ce. Abubakar Imam yana matashin malamin makaranta a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, kuma sai da rubutun ya bi ta hannun Rupert East, shugaban hukumar, kafin a buga shi. Ki ba mutum biyu su karanta, ɗaya daga cikinsu ya zama wanda ba ya jin nauyinki, sannan ki karanta wa mahaifiyarki babin goggo da murya, domin kunnenta zai kama abin da idonki ya saba da shi. Bayan nan ki yanka wa kanki rana kafin azumi, ki gama gyaran, ki miƙa shi ga maɗaba'a.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a alƙalaminki.

Mahaifinki.