Wasiƙa daga Garwa: wata ukun da ke cinye haƙƙin sojan da ya nakasa

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da mu? Dan Allah a ɗan ba ni fili, maganar tsofaffin sojojinmu masu rauni ce ke cina a rai.

Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya soja ne, lokacin da Boko Haram ta matsa wa su Kolofata da Fotokol da Amchide motarsu ta taka nakiya, Allah ya yi da sauran kwana ya fita da ransa, amma ƙafar hagu har yau akwai ɓaraguzan ƙarfe a ciki, sallah a kan kujera yake yi, kunnen dama kuwa ya tafi gaba ɗaya, in yaransa za su yi mai magana sai sun zagayo ta hagu. Da aka sallame shi ya haɗa dosiye na kuɗin nakasa, likitoci suka duba shi suka yanka mai kason da ko kuɗin magani ba zai kai ba, kunnen ma wai ba a lissafa ba don babu shi a takardar farko ta asibiti. Toh Malam, mutumin da aka kwaso cikin jini wa zai tsaya gwada kunnensa ran nan? Ƙafa ake ta ceto.

Da takardar hukuncin kuɗin nakasar ta zo, faransanci ne irin na ofis wanda ko mu da muka ɗan taɓa lakwal sai mun maimaita, ya karanta ya ce Allah ya isa, ya ninke ya jefa a akwati ƙarƙashin kayan sallah. Ta kwana a nan wata biyu da kusan sati uku. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin kotu har ya yi ritaya shi ya ce a kawo ya gani, yana ganin kwanan wata ya ajiye kofin shayinsa ya ce yara kun kusa yin asarar da ba ta da gyara.

Ga abin da ya koya mana, shi ne ma dalilin wannan wasiƙa. A Kamaru dokar 2006 ta kotunan da ke shari'a tsakanin mutum da gwamnati ta ce ba ka zuwa kotu kai tsaye, sai ka fara rubuta wa hukumar da ta yanke maganar ka roƙa ta sake dubawa, abin da suke ce ma rekur, kuma cikin wata uku daga ranar da aka miƙa maka takarda. In suka yi shiru wata uku, a doka shirun nan ƙi ne, daga nan kwana 60 kawai gare ka ka kai ƙara. Mu kuwa da al'adarmu ta haƙuri sai mu ce ai ba su amsa ba tukuna bari mu jira, kana jira lokaci na ƙonewa, ran da ka farka a ce maka ƙofa ta rufu ko da gaskiyarka ta kai girman dutsen Tingilin. Kuma kotunan nan akwai su nan Garwa da Marwa da Ngaundare, ba sai ka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde ba.

Wani zai ce wa ya taɓa kayar da gwamnati? An taɓa. Kakanninmu da suka yi wa Faransa soja, har da waɗanda suka bi hafsan Faransa Leclerc daga Fort-Lamy, Njamena ta yau, suka ci Kufra ta ƙasar Libiya a 1941, Faransa ta daskarar da fanshonsu da dokar 1959, Bafaranshe na karɓar nasa yana hawa su nasu na tsaye wuri ɗaya. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya ƙi haƙura ya kai ƙara, a 2001 babbar kotun Faransa ta ce wariya ce. Shi dai bai ga hukuncin ba, ya riga ya rasu. Sai 2007 aka daidaita kuɗin nakasa, sauran fanshon sai 2011, shi ma wani ɓangaren sai wanda ya rubuta ya nema. Ina yaro na san tsofaffin nan, ran bikin ƙasa su fito da lambobinsu a ƙirji sun goge su da toka, da yawansu sun tafi ba su ga ko dala ta ƙari ba.

Roƙona ga gidajen rediyonmu na nan arewa, yadda kuke sanarwar rigakafi da Hausa da Fulatanci haka za ku riƙa faɗin lissafin nan na wata uku da kwana 60. Masu rubuta takardun ƙi kuma me zai hana su sa a ƙasa baro-baro ina mutum zai kai kuka kuma zuwa yaushe? Layi biyu ne fa. Su kuma 'yan uwa sojoji, duk takardar asibiti ko ta jaka ɗaya ce kar a yar, a yi fotokofi, in ka kai rekur kar ka baro wurin sai an buga maka hatimi da kwanan wata a naka kofin, don "mun karɓa" na baki ba ya zuwa gaban alƙali.

Mu dai mun kai namu saura kwana tara wa'adi ya cika, da sabon gwajin kunne da shaidar abokan aikinsa biyu da suke cikin motar. Dattijon ya zagaye ranar da wata ukun shirun zai cika da jan biro a kalandar shagona, kullum na buɗe shago sai na ƙirga, yau saura kwana 41.

Naka mai karatu,
daga Garwa, Kamaru