Ƙawata, kin haɗa gidanmu da aljanun Turawa

Assalamu alaikum ƙawata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yar baƙuwarmu. Ya sanyin Edinbura? Mu ma hunturu ya kankama a Kano, leɓe duk ya tsage. Kada ki fara min ƙorafin shiru, don rabona da muryarki tun babbar sallah, ita ma gaisuwar minti biyu kika ce jaririya ta tashi. Maganar ankon bikin 'yar Goggo ce ta zaunar da ni rubutun nan, akwai abin da zan tambaye ki, amma bari na fara sauke wanda yake cina.

Littattafan nan da kika aiko wa Auta ta hannun Yaya, kin san abin da kika jawo kuwa? Sati biyu yarinyar nan ba ta da magana sai ta yariman aljanu. Ranar wata Laraba Umma ta bar mata miyar kuka a wuta, sai ƙauri ne ya fito da mu daga ɗaki, ita kuwa tana zaune a bakin murhu, ludayi a hannu ɗaya littafi a ɗaya. Umma ta ce na karɓe su na duba mata abin da ke ciki. Na buɗe na farko bayan isha'i, wallahi kiran assalatu ne ya sa na ajiye.

Tun muna aji uku kin san ni da littafin soyayya, amma wannan daban ne. Su feri ɗin nan, wato aljanun tatsuniyar Turawa, dokoki gare su, kuma dokokin ne suke riƙe labarin. Ƙarfe yana ƙona su. In ɗan Adam ya ci abincin ƙasarsu ya gama komawa gida. Ba a ba su suna na gaskiya, ba a ƙulla alkawari da su da wasa. Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ba sa iya ƙarya, sai dai su murɗa gaskiya har ta yi maka illar da ƙarya ba za ta yi ba. Ki duba yarinya 'yar shekara 16 da ta ji labarin saurayin da bakinsa ba ya iya furta ƙarya. In ya ce yana son ta, to yana son ta, ko da kuwa son nasa zai raba ta da iyayenta da duniyarta baki ɗaya. Da na kai nan sai na daina ganin laifin Auta, don na san irin maganganun samarin da take ji a unguwa.

Amma ke ma kin yi ganganci, Hajiya. Biyu daga ciki, na Sarah J. Maas ɗin nan da suka fara fitowa a 2015, na ɗauke su na kulle a akwatina. Da farko a sahun littattafan matasa aka sayar da su, daga baya aka mayar da su na manya, kuma wanda ya karanta na biyun ya san dalili. Na tabbata bango kawai kika kalla kika biya kuɗi, kamar yadda kike sayen atamfa.

Sunan wani a cikinsu, Tamlin, shi ne ya kai ni ga asalin abin, ashe ma daga ƙasar da kike zaune ne. Tsohuwar waƙar Tam Lin, wadda an ambace ta a rubuce tun 1549. Shi mutum ne, sarauniyar aljanu ta ɗauke shi ranar da ya faɗo daga kan doki, kuma duk shekara bakwai sai sun ba da ɗaya daga cikinsu fansa, yana tsoron bana shi ne. Yarinyar da take son sa, Janet, ta tsaya a mararraba cikin daren 31 ga Oktoba, ta bar baƙin doki ya wuce, ta bar ja ya wuce, ta fizgo na kan farin, wato Tam Lin. Aka mayar da shi maciji a hannunta, aka mayar da shi zaki, aka mayar da shi jan ƙarfe mai zafi, ba ta saki ba. Na karanta wa Auta wurin nan sau biyu, dukkanmu muka yi tsit.

To ga inda gizo ke saƙar. Na fara rubuta nawa, da Hausa. Na kai babi na tara a littafin rubutu mai shafi 80, na biyu kenan. Yarinya ce ta je hutu ƙauyen kakarta, aka aike ta tsinto tsamiya dab da magariba, ta tarar da saurayi a gindin bishiyar, fararen kaya, murya a sanyaye, sai dai kullum rigarsa tana rufe da ƙafafunsa. Ba sai na gaya miki me ke ƙarƙashi ba, ke da kika hana mu barci a ɗakin kwana da labarin mai kofato. Na yi shi Musulmi, tunda Suratul Jinni ta faɗa cewa a cikinsu akwai salihai, don kada a ce addini ne ya shiga tsakani. Jinsi ne kawai, ita daga ƙasa, shi daga wuta.

Shekaranjiya Umma ta tsinci littafin a kan sallaya. Ta karanta shafi uku tana tsaye, ta yi a'uziyya, ta rufe shi, ta ɗora masa carbi. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi, "Ke kin manta yarinyar nan ta ajinku?" Ban manta ba, ke ma ba ki manta ba. Yadda ta faɗi lokacin karatun dare, muryar da ta fito daga bakinta, da yadda aka kwana ana mata ruƙiyya. Har yau ba ta yi aure ba, gidansu suna cewa namijin dare ne yake korar manema.

Nan na ga tazarar da ke tsakaninmu da masu littattafan nan. Marubuciya a Amurka tana iya aurar da yarinya ga yariman aljanu ta kwanta ta yi barcinta, don a wurin yawancin masu karatunta tatsuniya ce. Ni kuwa wadda za ta karanta nawa ba ta zubar da ruwan zafi da dare sai da bisimilla, ba ta barin yaro a waje da almuru. In na sa abin ya yi daɗi da yawa, ina tsoron wata ta kwanta tana fatan a zo mata. In kuma na mayar da shi dodo kawai, na kashe labarin, don ni tausayinsa nake ji, yana son abin da bai halatta ya riƙe ba.

Na kai wa Baffa maganar, ban ce nawa ba ne. Ya ce malamai sun yi saɓani, da yawa sun hana, suna kafa hujja da ayar Suratun Nahli da ta ce Allah ya sanya mana matan aure daga jinsinmu. Ya ce an ruwaito Imamu Malik ya ƙi abin, don kada mace ta zo da ciki ta ce mijinta aljani ne, ɓarna ta yawaita. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Allah ya sa dai lafiya."

Af, kin ji mutuniyarki ta layin baya ta koma ɗakinta? Sau uku ana biko, sai da aka sake mata kujeru. Kuma wancan mai turaren ya sake turo ƙanwarsa wurina, na ce ina nan kan bakana, kada ma ki fara.

Yanzu abin da nake tunani shi ne na juya labarin Janet. Ita ta riƙe har ta ƙwato nata, don dama mutum ne. Tawa kuwa jarrabawarta ta saki, ta buɗe hannu da kanta alhali yana roƙonta kada ta yi, kuma ta san ba ƙarya yake ba. Auta ta ce in na raba su ba za ta sake min magana ba. Ke me kika gani? Zan ɗauki hoton babi tara ɗin na tura miki ta WhatsApp daren nan, ki karanta kafin ki yanke hukunci, kuma ban da nuna wa maigidan.

Sannan ina da roƙo. Wurin da aka ce abin ya faru, Carterhaugh, yana kusa da garin Selkirk, kudu da ku, inda koguna biyu suka haɗu. In sanyi ya yi sauƙi ki sa ya kai ki, ki ɗauko min hoton dajin. Ki je da rana, ki yi azkar ɗinki, kuma ki bar min 'yata a gida.

Umma tana gaishe ki, Auta ta ce a gaya miki saura na uku.

Taki har kullum.