A Adana Barkwancin Kwanakin Kulle a Ɗakunan Karatunmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ke ɓacewa a hannunmu sannu a hankali, wato barkwanci da kacici-kacici da 'yan hirarrakin da jama'a suka yi ta aika wa juna a farkon annobar korona. Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne a Kano, kuma aikin nan ya koya mini cewa abin da ba a adana ba yau, gobe sai a neme shi a rasa.

Mai karatu zai tuna yadda abin ya faro. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Legas, a ƙarshen Maris aka rufe makarantu, sannan a ranar 11 ga Afrilu aka samu na farko a Kano, kafin mako ya zagayo kuma dokar kulle ta fara aiki. Azumi ya shigo a ranar 24 ga watan, ya tarar da masallatai a rufe. Mu ma mun rufe ƙofa, muka bar littattafai a kan kanta da kujeru jere babu mai zama, alhali a irin wannan lokaci ne ɗaliban da ke shirin jarrabawar kammala sakandare kan yi sammako don kada su rasa wurin zama. Jarrabawar WAEC ɗin ma sai a watan Agusta aka yi ta.

Da muka ga zaman zai yi tsawo, sai ni da abokan aikina muka buɗe zaure a WhatsApp, muka sa masu yawan zuwa karatu waɗanda muke da lambobinsu. Nufinmu shi ne mu sanar da su cewa wanda ya ari littafi ya riƙe shi, babu tara. Amma ba a yi kwana uku ba wurin ya zama dandali. Kullum bayan shan ruwa wani zai rubuta "ƙulunƙulufita", a amsa masa da "gauta", sai ya jefo "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", yaran da ke gefen iyayensu su yi ta rige-rigen cewa tsintsiya. Daga nan muka fara sa tambaya guda ta ƙara sani a kowace rana. Wadda ta fi jan muhawara ita ce asalin kalmar da Turawa ke kiran killacewa da ita, domin ta fito ne daga kalmar Italiyanci mai nufin arba'in, saboda kwana arba'in da ake tsare jiragen ruwa a tashar birnin Benis na ƙasar Italiya lokacin annoba, ko da yake birnin Ragusa (Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya a yau) da ya kafa irin wannan doka a 1377 kwana talatin ya ƙayyade. Nan take wata malamar firamare ta amsa cewa ashe jiragen ma jego suke yi, tunda sai sun yi arba'in suke fita.

Irin wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Harshenmu ya yi aiki a waɗannan watanni fiye da yadda muka lura. Kalmar kulle, wadda tun fil azal aka san ta da zaman mata a gidan aure, ita aka ɗauko aka liƙa wa dokar hana fita, kuma mata ba su bar wannan dama ta wuce ba, domin sun yi ta tsokanar mazajensu cewa ga shi su ma an yi musu auren kulle, su ɗanɗana su ji. Takunkumi kuwa a da bakin dabba ake sa wa, ko kuma a ji shi a labarai idan an ƙaƙaba wa wata ƙasa, sai ga shi ya koma ƙyallen da attajiri da malami da ɗan dako duk suke ɗaurawa a fuska, teloli na ɗinka shi da ragowar atamfa. Abokan wasa ma ba a bar su a baya ba: Bafulatani ya ce wa Babarbare ya tsaya can nesa da shi, Babarbare ya ce ai tun kafin likitoci su faɗa yake bin wannan shawara. Duk wanda zai rubuta tarihin yadda Bahaushe ya karɓi wannan jarrabawa, ba zai same shi cikakke a sanarwar gwamnati ba sai ya haɗa da waɗannan.

Ba na cewa duk abin da aka faɗa alheri ne. Da yawa sun kira ta cutar masu kuɗi da masu hawa jirgin sama, wasu matasa kuma suka yi ta rera cewa babu korona, a daidai makonnin da masu haƙar kabari ke kokawa da yawan gawarwaki, muka rasa dattawa da malaman jami'a da sarakuna. Daga baya Ministan Lafiya ya bayyana cewa binciken da aka yi ya ƙirga mutuwar mutum 979 a Kano, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari nasu na da alaƙa da cutar. A zaurenmu ma akwai daren da ba a yi kacici-kacici ba, saboda an wayi gari da rasuwar wani dattijo da ya shekara yana zuwa karanta jarida a wurinmu. Allah ya jiƙansa. Ra'ayina shi ne a adana har da wannan ɓangare mai ɗaci, domin ma'aikatan lafiya na gaba su san irin maganganun da ke yawo a bakin jama'a idan annoba ta zo, su san ta inda za su ɓullo musu.

A wasu ƙasashe ɗakunan karatu da gidajen tarihi sun nemi mutane su aiko da hotuna da rubuce-rubucen yau da kullum tun annobar na kan ganiyarta. A Amurka har gwaji aka yi don a gano kwana nawa ƙwayar cutar ke yi a jikin littafi, shi ya sa wurare da dama suka riƙa ware littafin da aka dawo da shi na kwana uku kafin a mayar da shi kanta. Mu kuwa dokar 1970 da ta kafa tsarin Ɗakin Karatu na Ƙasa ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku, amma saƙon murya da hoton barkwanci ba su da mai karɓa. Waya na lalacewa, ana sace ta, ana goge saƙo don a samu wuri. Kakanninmu sun ga annobar mura ta 1918 da suka kira marisuwa, har suna lissafin shekaru da ita, amma abin da suka faɗa wa juna a zaure a lokacin kaɗan ne ya iso gare mu.

Saboda haka ina kira ga Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, da Gidan Arewa da ke Kaduna, da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, da su buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan abubuwa, a rubuta ranar kowane saƙo da garin da ya fito, a cire sunaye da lambobin waya. Jaridarka ma za ta iya ware shafi guda a mako ta nemi masu karatu su aiko da nasu. Ni dai na kwafe abin da ke zaurenmu daga Afrilu zuwa Yunin 2020 a cikin manyan littattafan rubutu guda biyu, kuma a shirye nake in miƙa su ga duk hukumar da ta fara wannan aiki.

Na gode.

Mai karatunka,
Ma'aikacin ɗakin karatu, Kano